Ƙwayoyin da Na Ɓoye a Aljihun Babbar Riga

Assalamu alaikum Hajiya Rabi,

Bayan gaisuwa, ya kwanan kabari? Allah Ya sa haske ne. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. To da kina raye ma ai ba karanta rubutuna kike yi ba, cewa kike kamar kaza ta yi tonon ƙasa.

Gida lafiya. Ina nan unguwarmu ta Highbridge a ƙasar Turawa, hawa na biyar ɗinmu, lifta kuwa yadda kika bar ta, yau tana aiki gobe tana hutu. 'Yarmu Zainabu ta haifi namiji. Labarin da ya sa na ɗauki biro shi ne, ciwon kaskar nan ya dawo, ko kuma dai wani abu mai kama da shi.

Kin tuna karon farko? Shekarar da na je gona bayan gari zaɓen ragon layya, na dawo da zazzaɓi. Muka ce cizon sauro ne, don mu duk zazzaɓin duniya na sauro ne. Na shanye maganin maleriyar da ƙanwarki ta aiko daga Kano, a garin da ba maleriya. Ke kika ga jan da'irar nan a bayana, kika tasa ni gaba har asibiti. Likita ya ce Laim ne, ciwon da cizon kaska ke kawowa, ya rubuta maganin mako uku.

Hajiya, ban ƙarasa shi ba. Kwana goma sha biyu na sha. Yana tayar mini da zuciya, jikina kuma ya yi sauƙi. Daga nan kullum kika miƙo ƙwayar da ruwa, sai in kurɓi ruwan, ita kuma in zura ta aljihun babbar rigata shuɗiya. Har kika riƙa yabona wurin matan masallacin Tremont. Shekara huɗu ina son in faɗa miki. Me ya hana ni? Tsoron bakinki, ba wani abu ba.

Bana ma na je gonar. Bayan wata uku gwiwata ta kumbura kamar ƙwarya, salla sai a kujera. Aka ɗebi jini. Likita ta ce jinin wanda ya taɓa yin ciwon kan ci gaba da nuna alama ko ya warke, don haka ba zai faɗa mata ko tsohon ne ya taso ko sabuwar kaska ce ba. Ta zuƙi ruwan gwiwar da allura ta aika gwaji. Sannan ta tambaye ni ko bayan Sallah an ga wani ja a jikina.

Wa zai gani? Tunda kika tafi, wa ya ƙara duba bayana?

A nan ne na faɗa mata maganar aljihu, Zainabu na zaune. Likitar ba ta yi faɗa ba, ta ce ba za a iya sanin ko shi ya jawo ba. Zainabu ce ta yi mini kallon nan naki. Ta yanke hukunci: in maganin kwana ashirin da takwas da likitar ta rubuta ya ƙare gwiwar ba ta saɓe ba, zan tattara in koma gidanta. In bar ɗakin da har yanzu labulensa ke ƙanshin turarenki? In bar tagar da kike leƙena in na dawo daga masallaci?

Na sha, Hajiya. Safe da yamma, har da kwanakin da cikina ya yi ta bore. Kowace ƙwaya sai na ɗaga ta saitin kujerarki kafin in haɗiye, don a samu shaida.

Jiya ya ƙare. Lifta na aiki, amma Zainabu ta ce da ƙafa za mu hau. Tana bayana tana ƙirga matakala. Na huta sau biyu, na kai. Na yi la'asar goshina a ƙasa. Ta ce in ci gaba da zama a ɗakinmu, da sharaɗi ɗaya: duk ranar da na dawo daga gona, ita za ta duba bayana. 'Yar farin da ko sunanta ba na kira a gabanta! Na yarda.

Ƙwayoyinki goma sha takwas suna nan a aljihun, sun zama gari. Ki yafe mini.

Allah Ya jiƙanki, Ya haɗa mu inda ba matakala.

Naki mai taurin kai,
Malam Sule