Igiyar Baba Tsaya

Cikin alhini da ƙunar zuciya, Ƙungiyar Ma'aikatan Masana'antar Takalma, tun daga ɗakin yankan fata har zuwa sito, take sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar ubanta kuma jagoranta, tsohon Babban Manajan Sarrafa Kaya, Uban Ƙungiya, dattijon arziki, Injiniyan da kowa ya fi sani da Baba Tsaya, wanda Allah Ya karɓi ransa a asibiti ranar Talata bayan ya yanke jiki ya faɗi a ɗakin ɗinki, a tsakiyar mutanen da ya koya wa aiki. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Marigayi ya karɓi ragamar sarrafa kaya a lokacin da dillalai ke dawo mana da takalma buhu-buhu saboda ƙasansu na ɓanɓarewa tun ba a je ko'ina ba, kuma bai kori kowa ba, bai yi wa kowa tsawa ba. Igiya ya sa aka shimfiɗa a saman kawunanmu daga wannan bango zuwa wancan, aka haɗa ta da ƙararrawa da makunnin injina, sannan ya kai wa Hukumar Daraktoci doka ta sa hannu: duk wanda ya ga matsala, mai shara ne ko manaja, ya ja igiya, aiki ya tsaya cak, ba a sake tada inji sai an gano matsalar an cire ta, kuma ba a hukunta wanda ya ja. Da ƙararrawa ta kaɗa za ka gan shi yana saukowa daga bene, tabarau a goshi, yana cewa a tsaya mu gani, har sunan ya bi shi. Wanda ya daɗe bai ja igiya ba kuwa, Baba zai miƙa masa tabaransa a gaban kowa, wai ya ara ko idon ne ya fara rauni. Da wannan tsarin kayanmu suka daina dawowa, har manajojin wasu masana'antu suka riƙa zuwa ɗaukar darasi.

Ƙungiya ba za ta yi rufa-rufa ba don ana zaman makoki. Manajan Darakta na yanzu ɗan gaban goshin marigayi ne, a teburinsa ya koyi aiki, Baba ne ya tsaya masa har ya hau kujerar da yake kai. Yana hawa ya zo da abin da ya kira sabon tsarin bunƙasa aiki: allon gasa a bango, ba mai barin bakin injinsa, makunni a kulle, makulli a aljihun sufabaiza. Ya ce igiya na cinye lokaci, ya sa aka datse ta, aka bar ƙararrawar a rataye kamar ado. Da Baba ya ƙi yin shiru a taron manajoji, sai aka yi masa ƙarin girma na cin fuska, wai Mai Ba da Shawara na Musamman, aka kai shi wani ɗaki marar taga kusa da janareta inda ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa masa ƙofa don neman shawarar. Duk da haka bai fasa saukowa gaishe mu kowace safiya ba.

A irin wannan gaisuwar ce ya faɗi a bayan layin injina na ƙarshe. Inna mai ɗinkin maɗauri ce kaɗai ta gani, hannunta ya tafi sama bisa sabo, ta damƙi iska. Ta yi ihu, ƙarar injina ta haɗiye ihun. Sai da baiwar Allahn nan ta ratsa ɗakin ɗinki da gudu, da ciwon gwiwarta, tana neman mai makulli, Baba na kwance a ƙasa, takalma na ta wucewa a kan bel ɗin jigilar kaya ta saman kansa. Mun yi imani ajali ba ya jira, kuma ba mu ce igiya za ta hana shi ba. Amma igiyar nan ba ƙaddara ce ta datse ta ba, hannu ne, kuma mun san mai hannun.

Don haka muke yin tir da hawayen da Manajan Darakta ya matso a sahun gaba wajen jana'iza, yana faɗa wa jama'a wai ya rasa uba, alhali a daidai wannan lokacin injina na ta aiki, an hana rabinmu fita raka gawar. Mun kuma ji sanarwar cewa za a sa wa ɗakin taro sunan marigayi. Kai, wannan mutum ya shafa wa idonsa toka! Ɗakin da aka hana shi magana a ciki yana raye?

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga mahaifiyarmu Hajiya, maiɗakin marigayi. Ga babbar 'yarsa, malamar asibitin da ta fito karɓar marar lafiya a ƙofar sashen gaggawa ta tarar mahaifinta ne. Ga Auta da ke shirin jarrabawa. Ga ƙaninsa da sauran dangi baki ɗaya. Allah Ya jiƙan Baba, Ya gafarta masa, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba ku juriyar wannan babban rashi, Ya zama gatanku. Hajiya, da muka zo gaisuwa kin ce ba ki bukatar ɗakin taro, kin tambaye mu ko an mayar da igiyar, muka sunkuyar da kai. Ga amsarki.

Manajan Darakta ya datse igiya, amma ya manta bai soke dokar ba, tana nan daram da sa hannun Hukumar Daraktoci. Mun ɗaura sabuwar igiya, masu gyaran injinmu sun haɗa ta da makunni kamar yadda Baba ya tsara. Ranar Litinin da safe Inna mai ɗinkin maɗauri za ta ɗaga hannu, kuma wannan karon za ta samu abin kamawa. Matsalar mun riga mun gano ta, tana sama, a ofis mai na'urar sanyi. Wallahi tallahi ba inji ɗaya da zai sake motsi a masana'antar nan sai an cire ta.

Dogon Sito,
Kakakin Ƙungiyar Ma'aikatan Masana'antar Takalma,
a madadin Shugaba da ɗaukacin mambobi.