Rigar Honarabul

Tudun Wada, Gombe
Yuni, 2014

Yaya Mudathir,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Anti Nana Hadiza da yara. Ya muka ji da ƙarin haƙuri. Mu muna nan yadda Allah ya ajiye mu.

Yaya, jiya na gane abin da ya kashe Baban Ikhlas. Ina zaune ina tsince shinkafa, Dokas maƙwabciyata ta shigo da wayarta ta ce in zo in ga ubangidanku, Honarabul Salahuddeen, yana magana a zauren Majalisar Wakilai. Turanci yake yi, tana fassara mini. Ya ce ya kama hanyar zuwa duba mutanen mazaɓarsa, ya sauka a Kwadon don ya yi salla, motarsa ta yi gaba, 'yan bindiga suka buɗe mata wuta. Ya ce Allah ne ya kuɓutar da shi, amma ya rasa direbansa. Sai duka suka miƙe suka yi shiru na minti ɗaya. Na ce wa Dokas, "Ya faɗi sunansa?" Ta ce, "Direbana kawai ya ce."

Yaya, Honarabul bai shiga motar nan ba. Ranar da safe Baban Ikhlas ya dawo gida sanye da farar babbar riga da jar dara, irin waɗanda ke jikin fastar Honarabul. Yana ta dariya. Ya ce, "Maman Ikhlas, dube ni da kyau, yau ni ne ɗan majalisa. Oga ya ce in wakilce shi in kai wa mutanen gida gaisuwa. A baya zan zauna, ɗayan direban, Bamanga, zai ja ni." Na ce masa rigar ta yi masa yawa, kamar an rataya ta a ƙusa. Ya ce hassada nake yi. Tun da ya fara tuƙa mutumin nan bai taɓa zama a kujerar baya ba.

Da Bamanga ya kawo mini rigar bayan jana'iza, ya ce shi ko marinsa 'yan bindigar ba su yi ba. Ƙofar baya suka nufa, ɗaya yana cewa, "Ga shi nan, mai jar hula." A lokacin ban fahimta ba. Sai jiya da na ji ƙaryar Kwadon. Wanda ya ba ka kyautar riga don Allah ba zai ɓoye ta ba.

Kana yanke mini waya, kana cewa kuna zama, ni kuma ina takaba. Shi ya sa na ba Dokas wannan, tunda tana zuwa Abuja saro kaya. Kai ne mataimakinsa, kai ka sama wa Baban Ikhlas aikin. Abin da nake so shi ne a faɗi sunansa a zauren nan, a faɗi yadda aka yi ya mutu, kuma Honarabul yana zaune yana ji. Ka gaya mini ta inda ake bi.

Ƙanwarka,
Saudatu

*

Abuja
Yuli, 2014

Zuwa ga ƙanwata Saudatu,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Bayan gaisuwa mai yawa, ina sake yi miki ta'aziyyar Malam Iro. Allah ya jiƙansa, ya raya Ikhlas.

Na karanta takardarki, kuma na yi mamakin yadda baƙin ciki ya kai ki ga zargi. Manya suna tura wakilai, suna kuma ba su sutura don a girmama su. Ba a kan Iro aka fara ba. Game da jawabin Honarabul, ki sani cewa ana ba ɗan majalisa 'yan mintuna ne kawai, kuma dole ya tsara maganarsa yadda za ta ja hankalin zaure. Albarkacin wannan jawabi aka zartar da ƙudurin neman a ƙara sojoji a hanyar. Ke nan mutuwar Iro ba ta tafi a banza ba.

Kin tambayi hanya. Akwai kwamitin sauraron koke-koken jama'a. Amma takardar koke ba ta shiga zaure da ƙafarta, sai wani ɗan majalisa ya miƙe ya gabatar da ita, kuma a al'ada wakilin mazaɓar mai koken ne yake yi. Ko da yake gudun hijira ya kawo mu Gombe, har yanzu wakilinmu Honarabul ne. Kin ga inda maganar ta tsaya.

Ki yi masa adalci. Tun ranar Laraba jami'an tsaro suka gargaɗe shi kada ya bi hanyar, ni da kaina na saya masa tikitin jirgi. Me kike so ya yi? Ya ƙi jin maganar hukuma?

Ya aiko miki da buhun shinkafa da atamfa, suna hannun Dokas. Ya kuma yi alkawarin ɗaukar nauyin karatun Ikhlas. Ki karɓa, ki riƙe bakinki. Lokacin nan ba na yawan magana ba ne.

Yayanki,
Mudathir

*

Tudun Wada, Gombe
Agusta, 2014

Yaya,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa.

Na karanta takardarka har sai da ta yi laushi a hannuna. Wuri ɗaya nake komawa. Ka ce tun ranar Laraba aka gargaɗe shi. Baban Ikhlas ranar Juma'a ya tafi.

Ranar Alhamis ka kira shi, ina gefensa ina yi wa Ikhlas kitso. Na ji kuna raha. Ka ce in zai zo Abuja ya taho maka da man shanu mai kyau, ba irin na wancan karon ba. Ya ce gobe zai je gida, zai samo maka na asali. Ka ce to. Yaya, ka ce to.

Ban ce ka san zancen rigar ba. Ina roƙon Allah ya sa ba ka sani ba, don uwarmu ɗaya, kuma kai ka goya ni a babur ranar da muka baro gari. Amma ka san hanyar.

Shinkafar na mayar, atamfar ma. Ikhlas tana makarantar gwamnati, ba ta buƙatar kowa. Kullum da yamma sai ta je bakin ƙofa in ta ji ƙarar mota. Na daina hana ta.

Na aika a nemo mini Bamanga, aka ce Honarabul ya tura shi Legas, an canza masa lamba. Kai ka rage. Malamin makarantar su Ikhlas ya rubuta mini koken da Turanci, na dangwala hannu, ga shi nan a ciki. Su ɗari uku da wani abu ne a zauren nan, ko ba haka ba? A ce duk babu mutum ɗaya da zai miƙe ya karanta? Ka nemo mini shi. In an kira shaida, ka faɗi abin da ka rubuta mini, Laraba da tikiti. Ban nemi ka ƙara komai ba.

Ban yafe wa Honarabul ba. Ina faɗa a sujada, ina faɗa in na ɗaga. Ina so ya ji kunyar da za ta hana shi fita masallaci.

Saudatu

*

Abuja
Oktoba, 2014

Saudatu,

Bayan gaisuwa. Majalisa ta yi dogon hutu, shi ya sa kika ji ni shiru.

Na kai takardarki wurin wata 'yar majalisa daga wata jiha, mace mai tausayi. Ta karanta har ta share hawaye. Sannan ta ce ba ta shiga mazaɓar abokin aiki, domin gobe wani zai shiga tata. Na gwada wani, ya tambaye ni ko na gaji da aikina ne. Yanzu hankalin kowa yana kan zaɓen fid da gwani, zauren ma rabinsa kujeru ne babu mutane.

Game da ranar Alhamis, ba zan yi magana a takarda ba.

Na ji kin fita takaba. Honarabul zai tara daliget, masu zaɓen ɗan takara, a gidansa na Gombe kafin zaɓen, tunda gida ba ya shiguwa. Ina roƙon ki da girman Allah kada ki je kusa da wurin.

Yayanki,
Mudathir

*

Tudun Wada, Gombe
Disamba, 2014

Yaya Mudathir,

Salamu alaikum. Na san labari ya riga takardata isowa, amma gara ka ji daga bakina. Na gode da ka gaya mini wurin taron.

Iya Jumma mai dafa musu abinci ta san ni tun muna gida. Na ce mata zan taya ta aiki. Ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ƙibar ta yaushe ce?" Na ce ta takaba ce. Ta ƙofar kicin muka shiga, can ba a laluben mata.

Suna zaune a ƙarƙashin rumfa, sun cika tsakar gida, kowa da farantinsa. Honarabul yana tsaye yana ba su labarin Kwadon. Na ajiye tiren da ke hannuna, na shiga tsakiya, na kama bakin hijabina na fara ɗagawa.

Yaya, wallahi ban tuna da halin da gari yake ciki ba. Mace da hijabi, jiki a kumbure, tana ɗaga shi a tsakiyar taro. Wani ya yi salati, sai wuri ya watse. Manyan mutane suna tsallake kujeru, wani ya faɗa cikin kular miya. Ɗan sanda ya saita ni da bindiga. Iya Jumma ce ta sha gabansa tana cewa, "Kai yaro, matar direba ce, sauke abin nan." Honarabul kuwa bayan tankin ruwa aka same shi.

Da hijabin ya fita suka ga abin da ke ƙasa. Rigar ce na sa, da jar darar a hannuna. Ban wanke ta ba, jinin ya koma baƙi, ga hujin harsasai a ƙirji. A bangon gidan ga fastarsa, da riga iri ɗaya.

Ka san tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kiran sunan mijina ba. Ko a asibiti aka tambaye ni, kai nake sunkuyarwa sai wani ya faɗa. Ranar na faɗa. Na ce, "Sunansa Ibrahim, ana ce masa Iro. Ba direbana ba ne sunansa." Na gaya musu Laraba, na gaya musu tikiti, na gaya musu kujerar baya.

Honarabul ya fito yana kakkaɓe jiki ya ce, "Saudatu, haba, mu shiga ciki mu yi magana." Na ce, "A ciki ka ba shi rigar." Wani tsoho daga cikin daliget, mai farin gemu, ya matso ya kama bakin rigar yana duba aikin wuyan. Ya ce, "Honarabul, ai wannan ita ka sa ranar da ka zo neman ƙuri'ata. Mu in ka aike mu, wace za ka ba mu?" Ba wanda ya yi dariya. Suka fara neman takalmansu.

Na yi zaton zan ji sanyi. Da na dawo gida na cire ta, sai ƙanshin turarensa ya taso ta wajen wuya, na zauna a ƙasa na kasa tashi har Ikhlas ta dawo.

Na ambaci sunanka a wurin, Yaya. Na ce kai ka sayi tikitin. Ban yi nadama ba, amma na san abin da na jawo maka.

Ƙanwarka,
Saudatu

*

Abuja
Mayu, 2015

Saudatu,

Ina gaisuwa. Kin san Honarabul ya faɗi zaɓen fid da gwani. Washegari ya karɓe katina na shiga majalisa. Yanzu ina taya wani abokina zama a shagon buga takardu. Nana Hadiza ta ce kada in sake rubuto miki, na ce ke ƙanwata ce.

Wa'adin wannan majalisa zai cika farkon watan gobe. Za su yi zaman bankwana, kowa ya yabi kowa. Duk abin da ba a gabatar ba ya mutu tare da ita, sai dai a sake sabo a gaban sababbi. Takardarki tana nan a aljihun rigata.

Kin tambaye ni ranar Alhamis. Kullum ina tunaninta. Abin da zan iya cewa ke nan yanzu.

Yayanki,
Mudathir

*

Tudun Wada, Gombe
Yuni, 2015

Yaya,

Salamu alaikum. Ka gaida Anti, ko ba ta amsa ba.

Dokas ta nuna mini zaman bankwanan. Na ga Honarabul yana daga baya, ya rame, an ba shi dama ya gode wa Allah da ya tsare shi a Kwadon. Aka tafa masa.

An rantsar da sababbi. Malamin su Ikhlas ya sake rubuta koken, ga shi nan. A ƙasa akwai wurin sa hannun shaida, na bar maka shi.

Rigar tana cikin akwati, ban wanke ta ba. Har yau ba a faɗi sunan Iro a zauren ba.

Ƙanwarka,
Saudatu