Zabirar da Na Gani a Zaure

Zuwa ga mahaifiyata, bayan gaisuwa da girmamawar da na hana ki a ƙarshen zamanki.

Inna, kin tuna ɗiyata Kulu, yadda take barci baki buɗe tana minshari, ita da ba ta cika shekara biyar ba. Hakin wuya ya toshe mata maƙogwaro, ko kunu sai da kuka yake wucewa. Kika ce a kira wanzami. Na ce a'a. Ni da na yi boko a Sakkwato, malamin hukumar En'e guda a Sabon Birni, ba mai sa wa ɗiyata aska a baki.

Na ɗora ta a jaki har garin Isa, ranar da likitan Bature ya zo rangadi. Ya danne mata harshe da cokali, ya leƙa, ya ce sai an yi aiki a Sakkwato, a kai ta in ruwa ya ɗauke. Ko sunanta bai tambaya ba. A lokacin nan damina ba ta ko raba ba, gulbi ya cika.

Da na gaya miki, cewa kika yi, "Kai ka iya jiran kaka. Ita fa?"

Ran nan na taso daga ofis na iske ta a cinyarki, zanenki ya jiƙe da jini. Wanzami ya tafi. Ba ta kai la'asar ba.

A gaban mutane na ce ke kika kashe ta. Shekara tara ina aiko miki da gero, ban taka ɗakinki ba, har aka fito da gawarki.

Ga abin da ban taɓa faɗa ba. Da safiyar ranar nan, za ni fita, na ga zabirar wanzamin a zaure. Na tsaya. Na gyara hula na wuce. Ina so a cire mata, Inna, tsoro ya kama ni kamar yadda ya kama ki. Amma na fi so a ce malami bai sani ba. Kina bakin ƙofa, kin ga tsayuwata. Kika ɗauki laifin ke kaɗai, ba ki taɓa tona ni ba.

Yau En'e ta manta da ni, likita yana nan yana rangadinsa. Abin da boko ya koya mini ke nan: in wuce.

Allah ya haskaka kabarinki, ya sa Kulu tana cinyarki tana numfashi ba wahala. In da sauran yafiya, ki rage mini.

Ɗanki da ya gani,
Garba