Bencin Shafi na Arba'in

Ya Malamata, sanyin idona, yayyafin farko a kan busasshiyar zuciyata, mai yatsun da ke sa katako ya yi waƙa!

Kin tuna ranar da na zo gyara ƙafar kujerar fiyanonki, kika kama ni ina danna maɓalli a sace? Maimakon faɗa, sai kika buɗe littafi a gabana. Na ga baƙaƙen ɗigo sun jeru bisa layuka biyar kamar tsuntsaye a kan waya, ni kuwa kafinta ne mai yatsu kamar guduma! Kika ce, "Ba a leƙa shafin gaba. Abin da idonka ya gani yanzu shi za ka kaɗa. In ka yi kuskure kada ka tsaya, kada ka koma baya."

Shafin farko hannu ɗaya ya nema. Na goma ya jawo hagu cikin rigimar. A na ashirin, dama na gudu hagu na rarrafe, gumi na keto mini, Mamarki tana cewa daga ɗaki, "Kafintan nan sai ya kurmantar da mu!" Duk na haye, saboda kina gefena kina ƙirga mini da tafi. Wane tsauni ne zai gagare ni in ina jin wannan tafin?

Yau zan tona wa kaina asiri. Mako uku ke nan ina tuntuɓe a shafi na talatin da tara, kina cewa gajiya ce. Wallahi da gangan nake yi! Kin ce ranar da littafin ya ƙare kin yaye ni. To ina zan kai Asabar ɗina, ranar darasinmu? Da wane dalili zan sake ƙwanƙwasa ƙofarku? Ina son ki, Malama, tsoron rabuwa ne ya ɗaure mini yatsu.

Na kuma karya dokarki, na leƙa shafi na arba'in. Ashe na hannu huɗu ne! Kujerarki kuwa ta mutum ɗaya ce, ni na gyara ta, na san awonta. Shi ya sa na ƙera benci mai cin mutum biyu, na goge shi har yana sheƙi.

Ranar Asabar zan kaɗa talatin da tara ba gargada, sannan in shigo da bencin, in nemi ganin Babanki. Ban san abin da ke shafukan da ke gabanmu ba, ba kuma zan sake leƙe ba. Ki dai zauna a damana. In na yi kuskure ba zan tsaya ba, ba zan koma baya ba.

Naki har yatsuna su daina motsi,
Kafintanki