Goron da Ke Bayan Van

Litinin, 7 ga Oktoba

Yau ma na kai kayan shago daga Ardwick zuwa Birmingham. Na rage wa Malam Abdulhafiz hanya, dattijon nan na Kano mai karatun PhD a Perry Barr. A kan M6 ya ba ni labarin wani malamin Girka na zamanin da, sunan ya shige mini. Wai ya ce ba mai isa ko'ina. Kafin ka kai sai ka ci rabin hanya, sannan rabin abin da ya rage, sannan rabin wancan, rabi kuwa ba ya ƙarewa. Na ce, "To Malam, ai ga Birmingham can." Ya ce, "Shekara sama da dubu biyu ana gardama da mutumin, kai ka gama da shi a traffic?"

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na yayyafa wa goron ruwa. Yana bayan van cikin jiƙaƙƙen buhu tun watan jiya, na gidan su Ubaida ne. Mutum ba ya kai goron neman aurensa da kansa, kawunnaina kuma duk suna Kumasi.

Laraba, 16 ga Oktoba

Hazo. Fitilun motoci kamar a cikin koko suke iyo. Ina tuƙi sai na ga kaina a ƙofar gidan su Ubaida a Balsall Heath, na miƙa hannu, tsakanina da ƙararrawa faɗin yatsa, sai rabin yatsa, sai silin gashi. Mutumin Girkan nan kamar ya san ni.

Asabar, 19 ga Oktoba

Ubaida a waya: "Ƙarshen wata Baba zai saurari mutanen Sha'aban, ɗaya mai neman nawa. Kai na zaɓa, Mutawakilu, amma I can't marry a van." Na ce ta yi haƙuri. Ta ce haƙurin nan nawa ya fara kama da tsoro.

Talata, 22 ga Oktoba

Wasu daga cikin goron sun fara yamutsewa.

Na tambayi Malam ko an taɓa ƙure mutumin Girkan nan. Ya ce masu lissafi sun ba da tasu amsar daga baya, amma ana cewa wani tashi kawai ya yi ya kama tafiya. Sai ya waiga. "Wai mene ne a buhun nan da kake shayarwa kamar akuya?" Na gaya masa. Ya kama gemunsa. "Ɗan nan, kullum furfurar nan na zaune kusa da kai, ado ka ɗauke ta?"

Lahadi, 27 ga Oktoba

Malam ya ɗora babbar riga a kan rigar sanyi. Na tsince busassun, sauran sun isa. Shi ya shiga da goron, ni na tsaya can ƙarshen layi cikin van, kamar yadda ya dace.

Ban san sadda na fito ba. Ubaida ce ta ɗaga labule ta gan ni a bakin ƙofarsu, ta zaro ido, ta yi mini alama in koma kada in ba ta kunya.

Na koma. Rabin hanya dai.