Sabon gida a hawa na biyu

Laraba da dare, Rillieux-la-Pape

Yau muka je ganin sabon gidan gwamnati da aka ba mu, bayan shekara uku muna jira tun da ƙafafun maigidana suka shanye. Gidan yana hawa na biyu, kuma babu asansar, wato na'urar hawa bene. A ƙasa na bar shi cikin kekensa, na hau da matar ofishin raba gidaje.

Abin da ya ƙona mini rai, cikin gidan kamar don maigidana aka yi shi. Ƙofofin masu faɗi ne, ko a makewayi keke zai juya. Na ce, "Madam, ta ina zai hau?" Ta ce doka ba ta tilasta asansar sai gini ya wuce hawa uku, na ƙasa kuma duk an raba. Da harajinmu fa aka gina shi.

Da na sauko ya ce, "Hadiza, yaya gidan?" Na ce ɗakunan ƙanana ne, ba su yi mini ba. Ya daɗe yana kallon tagogin sama, sannan ya ce in tura shi kada bas ta wuce mu.