Alƙiblar Gidan Kawu Bello

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan ciwon gwiwar ya yi sauƙi, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mu nan Greensboro lafiya lau. Takardar shaidar digirina ta iso ranar sha ɗaya ga wata, kuma har yanzu ina ɗakina na unguwar Glenwood.

Kin san ƙanenki Kawu Bello ya sayi sabon gida a hawa na uku a bakin teku, kusa da Wilmington, tafiyar awa uku da kwata daga nan. Ya ba ni aikin tsara cikinsa, shi ne aikina na farko. Na zaɓi fenti ruwan ƙasa, na sa aka canza maƙalan labule saboda iskar gishiri na cin ƙarfe. Ƙaramin ɗakin ya ce a mai da shi wurin salla, da kafet mai layin sahu. Ya tsaya ya nuna taga, ya ce ga gabas nan, teku a gaba, kamar yadda aka saba a gida. Ban auna ba. Na auna kowace ƙofa sau biyu, amma wannan na ji nauyin in bincika maganar babba. Aka manne kafet da gam.

Bayan kwana tara na duba alƙiblar da waya, sannan na sayi kamfas na hannu na sake dubawa sau uku. Daga garin, alƙibla tana arewa maso gabas ne, wajen digiri hamsin da shida. Tagar tana kan ɗari da biyar. Ranar Asabar kuma za a yi walima, mutanen masallacinmu za su zo, kowa da wayarsa a aljihu.

Kwana biyu ina juya yadda zan faɗa masa. Ranar Talata na same shi a gidansa na Pleasant Garden, na ajiye masa takarda da zanen, na ce laifina ne. Ya daɗe yana dubawa. Anti Bebi, matarsa, ta ce shekara ashirin yana bin liman a Greensboro bai taɓa lura da inda ake kallo ba. Kawu ya tambaye ni kwana nawa cire kafet ɗin zai ɗauka, na ce biyu, kuma gam zai ɓata siminti, sai an goge. Ya ce a cire, ni ce mai aikin.

Jiya aka gama. Yanzu sahun yana kallon kusurwar bango, teku na dama. Don Allah idan ya kira ki, kada ki tsokane shi da maganar.

Ki gaida Baba, da Yaya Zubair da iyalinsa, da Gwaggo Aissa. A ci gaba da sa ni a addu'a.

'Yarki,
Hanifa